DAGA CIRE TAKALMI ZUWA KUƊIN GORO: TARIHIN BINCIKE A FILIN JIRGI

Jama'a, a watan Yulin 2025 gwamnatin Amurka ta sanar cewa matafiya sun daina cire takalmi a layin bincike na filayen jiragenta, bayan kusan shekara 19 ana yi. Wasu sun ɗauki labarin ɗan ƙarami. Ni kuwa ya tuna mini wata tambaya da ta shafe mu kai tsaye: wa ya kamata a bincika, kowa da kowa ko kuwa wanda aka ga ya yi "kama da mai laifi"? Ku ɗan yi haƙuri da tsawon rubutun, sai an koma baya za a gane.

A da fa hawa jirgi kamar shiga motar haya ne. Ka sayi tikiti, ka wuce, babu mai taɓa jakarka. Fashin jirage ne ya canza haka. Tsakanin 1968 da 1972 an karkatar da jirage sama da 130 a Amurka, da yawansu zuwa Kyuba. Abin da hukumomi suka fara gwadawa shi ne zaɓe: a duba wasu alamomi a jikin matafiyi, wanda ya dace da su a ware shi a bincika. Fashi bai tsaya ba. A Janairun 1973 aka ce kowa ya bi ta na'urar gano ƙarfe, kowace jakar hannu a duba ta. Daga nan fashin ya ragu sosai. Ku riƙe wannan, domin darasin farko ke nan: binciken kowa ya yi aikin da zaɓen wasu ya kasa.

Ranar 11 ga Satumba 2001 mutum 19 suka ƙwace jirage huɗu, aka rasa rayuka kusan 3,000. A Nuwamban shekarar aka kafa hukumar TSA, gwamnati ta karɓe aikin bincike daga hannun kamfanoni. Tun daga nan kowace sabuwar doka tana biyo bayan wani hari ne. Richard Reid, ɗan Birtaniya, ya ɓoye bam a takalmi a Disambar 2001 cikin jirgin Faris zuwa Miami. A Agustan 2006 aka bankaɗo shirin amfani da sinadarai masu ruwa a Landan, aka taƙaita ruwan da za a shiga da shi, har ya tsaya a kan mililita 100, kuma a lokacin ne cire takalmi ya zama dole a kan kowa.

Sai abin ya iso ƙofar gidanmu. Ranar 25 ga Disamba 2009 Umar Faruk Abdulmutallab, yana da shekara 23, ya yi yunƙurin tayar da bam ɗin da ya ɓoye a ɗan kamfansa cikin jirgin Northwest daga Amsterdam zuwa Detroit. Akwai mutum kusan 290 a ciki. Allah ya kiyaye, bam ɗin bai tashi yadda aka so ba, fasinjoji da ma'aikata suka danne shi. A 2012 kotu ta yanke masa ɗaurin rai da rai.

Abin da ake yawan mantawa shi ne, tun a watan Nuwamba mahaifinsa, Alhaji Umaru Mutallab, tsohon shugaban First Bank, ya je ofishin jakadancin Amurka a Abuja da ƙafarsa ya kai ƙorafin cewa ɗansa ya faɗa hannun masu tsattsauran ra'ayi a Yaman. Iyaye nawa ne za su iya wannan? An saka sunan yaron a wani babban kundi mai sunaye sama da rabin miliyan, amma ba a saka shi a jerin waɗanda aka hana hawa jirgi ba, ba a kuma soke bizarsa ba. Shugaba Obama da kansa ya amsa cewa bayanan suna hannunsu, haɗa su ne aka kasa yi.

To mene ne maganin da aka kawo? A farkon Janairun 2010 Amurka ta fitar da jerin ƙasashe 14, ta ce duk mai fasfonsu ko wanda ya biyo ta cikinsu sai an yi masa ƙarin bincike. Nijeriya na ciki, tare da Saudiyya, Sudan, Aljeriya, Pakistan, Yaman da sauransu. In ka cire Kyuba, duk ƙasashe ne masu ɗimbin Musulmi. Marigayiya Dora Akunyili, ministar yaɗa labarai a lokacin, ta fito ta ce ba adalci ba ne a hukunta mutum miliyan 150 saboda mutum ɗaya. An bar jaki ana dukan taiki ke nan: sakacin ya faru ne a ofisoshin leƙen asiri, amma ɗalibai da 'yan kasuwa da tsofaffi masu zuwa ganin likita aka riƙa fitarwa daga layi ana lalube su. A watan Afrilu, wata uku kacal, su da kansu suka soke jerin, suka koma amfani da bayanan sirri a kan mutum shi kaɗai.

Na san hujjar ɗaya ɓangaren, kuma ba na raina ta. Suna cewa ma'aikata kaɗan ne, matafiya miliyoyi, me ya sa za a ɓata lokaci a kan tsohuwa mai sanda alhali an san inda barazanar ta fi fitowa? Wanda ya rasa ɗan'uwa a jirgi ba zai saurari dogon turanci a kan 'yanci ba. Amma tarihi yana da amsa. A Mayun 1972 waɗanda suka buɗe wuta a filin jirgin Lod na Isra'ila suka kashe mutum 26 'yan Japan ne su uku, an zaɓo su ne daidai saboda ba su ake sa wa ido ba. A Afrilun 1986 a Heathrow an samu bam a jakar wata 'yar Ailan mai juna biyu, Anne-Marie Murphy. Saurayinta ne ya saka ba da saninta ba. Idan ka shelanta siffar wanda kake nema, ka sanar da maƙiyi siffar wanda zai turo. Wato ko ta fuskar tsaron ma, kuɗin goro ba ya biya.

Sannan akwai abin da yake faruwa idan aka yi tsaro a ɓoye babu mai tuhuma. A Janairun 2005 aka kama Rahinah Ibrahim, 'yar Malesiya mai karatun digirin digirgir a Jami'ar Stanford, a filin jirgin San Francisco, aka saka mata ankwa. Daga baya aka soke bizarta. Ta shafe shekaru tana shari'a daga nesa, gwamnati na fakewa da sirrin ƙasa. Sai a 2014 kotu ta bayyana dalilin: wani jami'in FBI ne ya yi alama a gurbin da ba shi ba a kan fom. Shekara tara a kan kuskuren alƙalami! A 2020 kuma Kotun Ƙolin Amurka ta ba wasu Musulmi damar neman diyya daga jami'an da suke zargin sun saka su a jerin saboda sun ƙi zama 'yan rahoto a kan jama'arsu.

Haka batun na'urar ɗaukar hoton jiki da aka baza bayan harin 2009. Na farkon suna nuna surar mutum kamar ba shi da sutura. Ku yi tunanin iyayenmu mata. Mutane suka yi ta ƙorafi, majalisa ta sa baki, zuwa 2013 aka kwashe masu nuna tsiraicin, aka bar masu nuna zanen mutum-mutumi kawai da alamar inda ake zargi. Ashe ana iya kare rai ba tare da an keta mutunci ba, in dai akwai masu matsa lamba.

Kuma kar a ɗauka duk wahalar layi tsaro ce. A 2015 rahoto ya fito cewa masu binciken cikin gida sun gwada wucewa da makamai da bama-baman bogi sau 70, suka yi nasara sau 67. Reid da Umar Faruk duk sun tsallake bincike, mutanen cikin jirgi ne suka tsayar da su.

Ga inda na tsaya. Rigakafi ya fi magani, a bincike ni, ban ƙi ba. Amma sharuɗɗa uku nake nema. Na ɗaya, doka ta hau kan kowa daidai, fari da baƙi, mai rawani da mai kwat. Na biyu, in za a ware mutum, a ware shi saboda abin da aka sani a kansa, ba don sunansa Muhammad ko don launin fasfonsa ba. Na uku, wanda aka zalunta ya samu ƙofar da zai ƙwanƙwasa a gyara.

Kafin mu gama nuna Amurka da yatsa kuma, mu dubi gida. A filayen jiragenmu da shingayen hanyoyinmu, wa ake tsayarwa, wa ake sara wa ya wuce da jakunkunansa ba a buɗe ba? Wace ƙabila muke yi wa kuɗin goro yau saboda laifin wasu daga cikinta? Zafin da muka ji a 2010 shi ne dai suke ji.

Allah ya tsare matafiyanmu, ya ba masu riƙe da amanar tsaro ikon yin adalci.