Yadda Karatun Muhalli Ya Samu Gindin Zama a Parakou da Djougou

Kusan shekara 30 ɗan arewacin Benin mai son karatun jami'a sai ya ɗaure kayansa ya gangara kudu, tafiyar fiye da kilomita 400, domin jami'ar gwamnati ɗaya tak ƙasar ke da ita a lokacin, wadda aka kafa a 1970, take Abomey-Calavi kusa da Kwatano. Sai a watan Satumban 2001 gwamnatin Mathieu Kérékou ta kafa Jami'ar Parakou, tsangayar aikin gonarta kuma ta samu sashen kula da albarkatun ƙasa.

Doka ce ta share fage. Tsarin mulkin Disambar 1990 ya ba kowane ɗan ƙasa haƙƙin zama a muhalli mai lafiya, sannan dokar muhalli ta Fabrairun 1999 ta wajabta a binciki illar duk wani babban aiki kafin a sa masa hannu. To wa zai yi binciken? Dole a horas da mutane.

Amma abin da ya fi nuna buƙatar a fili shi ne gonar auduga. A kakar 1999 zuwa 2000 aka yawaita feshi da maganin ƙwari endosulfan a yankin Borgou, mutane da dama suka rasa rayukansu. Manomi ya goya famfon feshi ba safar hannu, ba abin rufe hanci. Masara da kuɓewa na tsakiyar audugar suna shan maganin. Galan ɗin da ya ƙare a ɗauraye shi a zuba ruwan sha. Benin ta haramta maganin a 2008. Ɗalibin da ya tashi a irin wannan gida ba ya buƙatar dogon bayani kan guba a cikin abinci.

Djougou, tsohon zangon fataken goro masu bin hanyar Kano zuwa Gwanja, nata rabon ta hanyar ruwa ya zo. Tun ƙarshen shekarun 1990 masana daga Faransa da Benin suka baza na'urorin auna ruwan sama a yankin da kogin Ouémé ya samo asali, suna bin rijiyoyi suna duba hawa da saukar ruwa; aikin da ake kira AMMA-CATCH ke nan. Jamusawa ma suka zo da shirin IMPETUS a 2000. 'Yan Benin da yawa da waɗannan alƙaluma suka rubuta kundin digirinsu.

Yau babban cikas shi ne fita daji. Tun da aka sace Faransawa biyu masu yawon buɗe ido a gandun dajin Pendjari a watan Mayun 2019, aka kashe ɗan rakiyarsu, shiga Pendjari da gandun W ya zama abin fargaba. Dazuzzukan Wari-Maro da Ouémé Supérieur sun fi kusa da Parakou, kuma masu gawayi da masu katako na cin su. Ya kamata hukuma ta ware wa jami'ar kuɗin mota da mai, a riƙa kai ɗalibai can kowace shekara.