Sunan Malami a Matsayin Tuta: Finley da Tarihin Tattalin Arzikin Girkawa da Rumawa

Gabatarwa

Al'ada ce a rubutun ilmi na Ingilishi a ambaci malami da sunan zuriyarsa kaɗai, ba laƙabi, ba sunan yanka. A wurinsu wannan ba raini ba ne. Hasali ma yakan nuna cewa mutum ya shahara har ba ya bukatar gabatarwa. To, amma wani lokaci sunan yakan zarce mai shi, ya koma sunan ra'ayi. Wannan maƙala za ta duba yadda haka ta auku ga sunan Finley, da kuma abin da ya kamata ɗalibi ya kiyaye.

Asalin Muhawara

A shekarar 1893 wani masani Bajamushe, Karl Bücher, ya ce tattalin arzikin mutanen dā bisa gida ya dogara, watau kowane gida shi ke samar da yawancin abin da yake bukata. A 1895 Eduard Meyer ya mayar masa da martani, ya ce fatauci da sana'o'in Girkawa sun yi kama da na Turai a farkon zamanin nan. Michael Rostovtzeff ya bi sawun Meyer a babban littafinsa kan daular Rum na 1926. Wannan muhawara ce Finley ya gada.

Mai Sunan

An haifi Moses Finley a birnin New York a 1912, kuma sunansa na asali Finkelstein. Daga baya ne ya sauya shi. Ashe ke nan sunan da ya zama tuta ba gadonsa ya yi ba, zaɓarsa ya yi. A 1952 Jami'ar Rutgers ta sallame shi, bayan ya ƙi amsa tambayoyin wani kwamitin Majalisar Dattawan Amurka mai farautar 'yan kwaminis. Sai ya yi ƙaura zuwa Ingila, ya riƙe kujerar farfesan tsohon tarihi a Kambirij daga 1970 zuwa 1979, ya rasu a 1986.

A littafinsa The Ancient Economy na 1973 ya yi nuni da cewa kalmar Girkanci oikonomia tafiyar da gida take nufi, kuma mutanen dā ba su ware tattalin arziki a matsayin fanni mai zaman kansa ba. A ganinsa, muƙami da mutunci ne suka fi jan hankalin manya, ba juya jari ba. Ƙasar noma ce dukiyar da ake girmamawa. Birni kuwa galibi cin amfanin karkara yake yi ta hanyar haraji da kuɗin haya.

Daga Suna Zuwa Tuta

Da ra'ayin ya kafu, sai marubuta suka liƙa wa sunan ɗafa-ƙeya, suka samar da sifar Finleyan, har ana kasa masana gida biyu: mabiyansa da masu saɓa masa. Wannan ba baƙon abu ba ne ga mai jin Hausa, domin haka aka samo Malikiyya daga sunan Imamu Malik. Sai dai malamai sun san ba kowane hukunci na mazhabar ne ya fito daga bakinsa ba. Da yawa ta hannun almajirai ya zo, kamar Ibnul Ƙasim da Sahnun mai Mudawwana.

Haka lamarin Finley yake. Bayan littafinsa an ci gaba da samun hujjoji daga binciken kayan tarihi: tarkacen jiragen ruwa a tekun Bahar Rum, da tsaunin Testaccio a birnin Rum, wanda tulin fasassun tulunan man zaitun ne, yawancinsu daga kudancin Sifen. Keith Hopkins, wanda shi ma ya hau kujerar Kambirij, ya nuna a 1980 yadda karɓar haraji da kuɗi zai iya haɓaka ciniki. Waɗannan sun raunana wasu maganganun Finley, amma sau da yawa wanda ake kayarwa a rubuce-rubuce wani Finley ne na ƙirƙira, wanda wai ya musanta fatauci ɗungurungum. Shi kuwa bai musanta ba; matsayinsa a rayuwar al'umma ya yi gardama a kai.

Kammalawa

Suna gajeriyar hanya ce, kuma amfaninta a fili yake. Amma duk wanda ya ci karo da sunan malami a matsayin sifa, musamman mai fassara zuwa Hausa, ya wajaba ya tambaya: wace magana ce, a wane littafi, a wace shekara? In ba haka ba, sai a wayi gari ana ta jayayya da tuta, mai ita kuwa ba a ji daga bakinsa ba.