Daga Motar Tsere Zuwa Injin Casar Kura



Wani abokina mai son wasan mota ya canza kulocin motarsa, ya kuma cire wilin ƙarfen da ke bayan inji ya sa mara nauyi. Yanzu da ya taɓa totur sai ta zabura, amma in ya saki kuloci da garaje, sai ta mutu. Dalili? Nauyin wilin nan ne ke riƙe wa inji ƙarfin juyawa.

Sai na tuna injin casar shinkafar unguwarmu a Kura, mai ƙaton wili, wanda ake tayarwa da hannu. Shi nauyin yake so, don kada ya shaƙe in an zuba masa shanshera.

Asalin irinsa na kamfanin Lister ne na Ingila, tun wajen 1930, yana juyi 650 kacal a minti. Maƙeran Rajkot ta Indiya suka kwaikwaye shi, har suka riƙa sayar wa duniya.

Mu fa? An gama Dam ɗin Tiga a 1974, zamanin Audu Bako, ruwa ya gangaro Kadawa, Bunkure da Kura. Shinkafa ta samu, injina suka biyo ta, amma daga waje.

Shekara hamsin ke nan muna gyara injin wasu. Gyaran kam mun iya, wallahi. Tambayata ga matasan makanikanmu: yaushe za mu zuba namu wilin a Kano?

Ku ajiye min ra'ayinku, mu haɗu a shiri na gaba.