Daga Gottingen Zuwa Bashin Karatu: Tarihin Fitar Ɗaliban Amurka Neman Babban Digiri

A yau, idan aka ce ɗalibi ya tafi ƙaro karatu ƙasar waje, Amurka ce ke fara zuwa a zuciyar mai sauraro, kuma da dalili, domin ɗalibai baƙi fiye da miliyan ɗaya ne ke jami'o'inta. Saboda haka mutane kan yi mamaki idan suka ji cewa Ba'amurke ya bar Harvard da Stanford a gida ya nufi Jamus ko Holan neman digiri na biyu. Amma wannan hanya ta girmi tsarin babban digiri na Amurka kansa, kuma ita ce ma ta haife shi. Wanda ya bi sawunta shekara ɗari biyu zai tarar cewa a kowane zamani akwai wani takamaiman abu da gida ya gaza bayarwa, shi ne ke tura ɗalibin waje, kuma wanda ke biyan kuɗin tafiyar shi ke zaɓar inda za a dosa. Abin da ya sauya shi ne irin giɓin: da farko ilimi ne, daga baya martaba da siyasa, yanzu kuwa farashi.

A farkon ƙarni na 19 kwalejojin Amurka ba su wuce makarantun tarbiyyar samari ba, ana haddace Latin da Girkanci da ɗan lissafi, malamai da yawa kuma limaman coci ne. Babu inda mutum zai koyi yadda ake gano sabon abu. Jamus ce ke da wannan, musamman bayan kafa Jami'ar Berlin a 1810 bisa ra'ayin Wilhelm von Humboldt cewa malamin jami'a ya zama mai bincike, ɗalibi kuma ya koya ta hanyar yin binciken tare da shi. A 1815 wasu samari biyu daga Boston, George Ticknor da Edward Everett, suka isa Gottingen. Everett ya sami digirin digirgir a 1817, daga baya ya shugabanci Harvard. George Bancroft, wanda ya shahara a rubutun tarihin Amurka, ya bi bayansu ya kammala a 1820. Daga nan ƙofa ta buɗe: masu son sinadarai suka nufi ɗakin gwaje-gwajen Justus Liebig a Giessen, masu nazarin halayyar ɗan Adam suka tafi wajen Wilhelm Wundt a Leipzig, likitoci suka cika asibitocin Vienna da Berlin. Masana tarihi sun ƙiyasta cewa Amurkawa wajen dubu tara zuwa dubu goma ne suka yi rajista a jami'o'in Jamus tsakanin 1815 da 1914.

Sakamakon wannan zirga-zirga shi ne cewa waɗanda suka dawo sun rushe dalilin tafiyar da hannunsu. Yale ta ba da digirin digirgir na farko a ƙasar a 1861, amma babban sauyi ya zo ne a 1876 da aka buɗe Johns Hopkins a Baltimore ƙarƙashin Daniel Coit Gilman, jami'ar da aka gina kacokan a kan bincike. Daga cikin malamanta na farko, Basil Gildersleeve da Ira Remsen duk a Gottingen suka yi digirinsu. Zaman tattaunawa tsakanin malami da ɗalibai ƙalilan, rubuta kundin bincike, mujallar ilimi, duk kayan Jamus ne aka shigo da su aka yi musu sabon gida.

Akwai kuma waɗanda giɓin nasu bai tsaya ga ilimi ba. M. Carey Thomas ta yi karatu a Leipzig amma aka hana ta digiri don ita mace ce, sai a Zurich ta samu a 1882, ta dawo ta shugabanci kwalejin mata ta Bryn Mawr. W. E. B. Du Bois ya zauna a Berlin daga 1892 zuwa 1894 da tallafin asusun Slater, inda ya ɗanɗana rayuwar da launin fata ba ya gaban komai kamar yadda yake a gida. Asusun bai ƙara sabunta masa tallafin ba, dole ya koma, ya zama baƙar fata na farko da ya sami digirin digirgir a Harvard a 1895. Labarinsa ya nuna tun da wuri cewa ƙwazon ɗalibi bai isa ya yanke tsawon zamansa ba, mai riƙe da jakar kuɗi ne ke yankewa.

Birtaniya ta daɗe tana kallon wannan kwarara tana wuce ta. Wasiyyar Cecil Rhodes, wanda ya tara dukiyarsa daga lu'ulu'un kudancin Afirka da mulkin mallaka, ta kafa tallafin karatu a Oxford bayan mutuwarsa a 1902, kuma rukunin farko na Amurkawa ya isa a 1904. Rhodes bai yi wannan don bincike ba. Burinsa a tara samarin da za su yi mulki gobe a ƙasashen masu jin Turanci, a ɗaura musu zumunci da Ingila. Da Yaƙin Duniya na Ɗaya ya toshe hanyar Jamus, Oxford ta ƙirƙiro nata digirin digirgir a 1917, kuma jawo Amurkawan da suka saba zuwa Jamus na cikin manyan dalilan. Duk da haka Jamus ba ta faɗi nan take ba. Robert Oppenheimer a Gottingen ya yi digirinsa a 1927 ƙarƙashin Max Born. Abin da ya gama da ita shi ne dokar Nazi ta 1933 wadda ta kori malamai Yahudawa daga aikin gwamnati. Malaman da a da ake ƙetare teku don a zauna gabansu sai ga su sun ƙetaro da kansu, Einstein ya sauka Princeton.

Bayan 1945 Amurka ta fi kowa ɗakunan bincike da kuɗi, don haka a ƙa'ida ya kamata tafiyar ta mutu. Maimakon haka sai ta ƙaru, domin gwamnati ta shigo ciki. Dokar tallafa wa tsofaffin sojoji ta 1944 ta yarda a kashe kuɗin karatu a makarantun waje, Paris ta cika da tsofaffin sojoji masu koyon zane da adabi. Sanata J. William Fulbright, wanda shi kansa ya ci gajiyar tallafin Rhodes, ya kawo dabarar da Shugaba Truman ya sa wa hannu a 1946: kayan yaƙin da suka yi saura a ƙasashen waje a sayar da su can, kuɗin kuma a yi musayar ɗalibai da malamai da shi. Birtaniya ta kafa tallafin Marshall a 1953 a matsayin godiya ga agajin sake gina Turai. Da Tarayyar Sobiyet ta harba tauraron Sputnik a 1957, majalisa ta yi dokar ilimi don tsaron ƙasa a 1958, ta zuba kuɗi a koyar da harsunan da Amurkawa ba su sani ba, kuma Hausa na cikin waɗanda aka riƙa koyarwa a jami'o'i irin su Wisconsin da UCLA. Dokar Fulbright-Hays ta 1961 ta ƙara da biyan kuɗin binciken digirin digirgir a waje. A wannan zamani ne matasan Amurkawa masu bincike suka riƙa sauka a Kano da Zariya, irin su John Paden wanda ya yi nazarin addini da siyasar Kano. A lura, mafi yawansu a gida suka karɓi digirin. Abin da suka zo nema shi ne sanin duniyar da ƙasarsu ke takara da Sobiyet a kanta.

Zamani na uku ya fara ne sannu a hankali. Tun 1976 aka kafa makarantar likitanci ta St George's a tsibirin Grenada don waɗanda suka rasa gurbi a gida, kuma ceton ɗalibanta na cikin hujjojin da Shugaba Reagan ya bayar na mamaye tsibirin a 1983. Amma abin da ya faɗaɗa hanyar shi ne haɗuwar abubuwa biyu. A Turai, yarjejeniyar Bologna ta 1999 ta raba karatun jami'a zuwa digiri na farko da na biyu, jami'o'in Jamus da Holan da Suwidin suka fara koyar da digiri na biyu da Turanci. A Amurka kuwa kuɗin makaranta ya yi ta hauhawa har bashin karatu da ake bin jama'a ya haura dala tiriliyan ɗaya da rabi. Jihohin Jamus sun soke kuɗin makaranta gaba ɗaya zuwa 2014, digiri na biyu a Ingila kuma shekara ɗaya ne maimakon biyu. Ɗalibin da ya zauna ya yi lissafi ba ya buƙatar mai lallashi.

Mai musu zai ce wannan bayani ya rage darajar tafiyar, domin akwai wanda ke zuwa Rum don tsofaffin takardu ko Geneva don babbar na'urar binciken ƙwayar zarra, ba don araha ba. Gaskiya ne, amma wannan ma giɓi ne, abu ne da babu shi a gida, kuma irin waɗannan ba su ne suka yi yawa ba. Musu mafi ƙarfi shi ne cewa digirin digirgir a manyan jami'o'in Amurka yawanci kyauta ne, har ana biyan ɗalibi alawus, don haka batun tsada bai shafe shi ba. Wannan ma haka yake, kuma shi ya sa matsin kuɗin ya fi bayyana a digiri na biyu da karatun likitanci, inda ɗalibi ke biya daga aljihunsa. Ƙarin shaida shi ne yadda ƙasashen da ke karɓar baƙin suka fara ganin abin a matsayin ciniki. Jihar Baden-Württemberg ta maido da kuɗin makaranta ga waɗanda ba 'yan Tarayyar Turai ba a 2017, Yuro 1,500 a kowane zangon karatu, Norway ma ta sanya kuɗi ga ɗaliban da suka fito daga wajen Turai a 2023. Jami'o'in Birtaniya kuwa sun daɗe suna cajin baƙo fiye da ɗan gida, kuma da dama daga cikinsu gwamnatin Amurka ta amince ɗalibanta su biya su da bashin karatu na tarayya, wanda ke nufin wani ɓangare na bashin da ɗalibin ya gudu ya bari yana biye da shi har Landan da Edinburgh.