Abdulmuhsin Al-Kattan, ɗan gudun hijirar da ya saɓa wa Arafat

Jiya a ofis wani abokin aikina ya ce wai ɗan gudun hijira nauyi ne kawai a kan garin da ya sauke shi. Ban tanka masa ba don lokacin tashi ya yi, amma maganar ta kwana tana min yawo a kai. Bari in ba ku labarin mutum guda.

An haifi Abdulmuhsin Al-Kattan a birnin Yafa na Falasɗinu a 1929, garin da lemonsa ya yi suna a duniya. Yana karatu a Jami'ar Amurka da ke Beirut yaƙin 1948 ya ɓarke, aka raba Falasɗinawa sama da 700,000 da gidajensu. Danginsa suka tsinci kansu a Jodan, shi kuma ya wayi gari ɗalibi marar gidan komawa hutu. Da ya gama a 1951 sai ya kama koyarwa a Amman, daga baya ya wuce Kuwait.

Kuwait ta lokacin fa ba wadda kuke gani a hoto yau ba ce. Kuɗin mai ya fara shigowa, amma malamai da injiniyoyi da akawu sun yi ƙaranci. Falasɗinawa ne suka cike giɓin. Kattan ya yi aikin gwamnati a hukumar ruwa da lantarki har ya kai babban muƙami, sannan a 1963 ya ajiye ya kafa kamfanin gine-gine na Al-Hani. Mu masu jiran albashi mun san ajiye kujerar gwamnati ba wasa ba ne, balle ga wanda ba shi da gonar gado da zai koma wa idan abin ya ƙi. Allah ya sa wa kamfanin albarka, ya zama cikin manya a ƙasar.

Abin da ya fi jan hankalina ba kuɗin ba ne. A 1968 aka zaɓe shi shugaban Majalisar Ƙasa ta Falasɗinawa, bai daɗe ba ya sauka saboda ƙungiyoyin gwagwarmaya sun ƙi haɗa kai. A 1990 kuma, da Saddam ya mamaye Kuwait, Yasir Arafat ya karkata wajen Iraƙi, Kattan ya fice daga majalisar gaba ɗaya don nuna bai yarda ba. A ganina gaskiyarsa ce. Wanda aka ƙwace wa ƙasa, da wane baki zai goyi bayan a ƙwace ta wani? Kuma ƙasar da ta ba shi wurin zama! Abin da ya biyo baya mai ɗaci ne: Falasɗinawa kimanin 400,000 ne a Kuwait kafin mamayar, bayan yaƙin 1991 mafi yawansu sun bar ƙasar, wasu don tsoro, wasu korarsu aka yi. Talakan da bai san hawa ba bai san sauka ba shi ya biya kuɗin siyasar manya, ya sake ɗaukar kaya karo na biyu.

Wajen bayarwa kuwa, bai tsaya ga rabon buhun shinkafa ana ɗaukar hoto ba. A 1983 yana cikin attajirai da masanan da suka kafa ƙungiyar Ta'awun don tallafa wa Falasɗinawa. A 1993 ya kafa gidauniyarsa a Landan, aikinta ilimi da al'adu: horar da malaman makaranta, tallafa wa matasa marubuta da masu zane, da cibiyar yara mai babban ɗakin karatu da aka buɗe a Gaza a 2005. Wasu za su ce mai yunwa ba littafi yake nema ba. Haka ne, amma shi ya san da me ya tsira a 1948: gida ya tafi, karatun ne ya rage masa. Ya kuma yi wasiyyar a bai wa gidauniyar kashi 25 cikin ɗari na dukiyarsa don kada aikin ya mutu tare da shi.

Sai a 1999 ya sake taka ƙasar Falasɗinu, bayan shekara 51. Ya rasu a Landan a watan Disamba na 2017. Allah ya jiƙansa.

Shi kuma abokin aikin nawa, na san yana karanta ni a nan. Gobe idan Allah ya kai mu ina jiran amsarsa kafin azahar.