Bello Mai Wurno da kafa gari a bakin Shuɗin Nilu

A ƙasar Hausa, wanda ya fara sarar daji shi ne mai gari, kuma zuriyarsa ce ke raba gonaki ga baƙin da suka zo daga baya. Mun san wannan tsari a ƙauyukan arewacin Maraɗi da Damagaram, inda suna irin “Gidan wane” yake riƙe da tarihin mutum guda da iyalinsa. A nan muna so mu duba yadda tsarin ya kasance a nesa da gida, ta hanyar rayuwar Muhammadu Bello Mai Wurno.

Bello ɗan Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya ne, shi kuma Attahiru ɗan Ahmadu ne, ɗan Abubakar Atiku, ɗan Shehu Usmanu. Bayan da Ingilishi suka ci Sakkwato a watan Maris na 1903, Attahiru ya yi gabas da niyyar hijira, jama'a masu yawa suka bi shi, da sarakuna da malamai da talakawa. An kashe shi a Burmi ranar 27 ga Yuli na wannan shekara. Waɗanda suka tsira suka ci gaba da tafiya a bayan ɗansa. Ba da ka suka nufi gabas ba: tun zamanin Shehu ake faɗin cewa jama'arsa za su yi ƙaura zuwa kogin Nilu, hanyar kuma ita ce ta alhazai masu tafiya a ƙasa.

A 1906 suka sauka a Shaihu Ɗalha, wani gari na Fulanin da suka riga su zuwa, a bakin Shuɗin Nilu. Daga nan Bello ya ƙetare ruwa ya kafa nasa gari a kudu da Sannar. Garin ya ɗauki laƙabinsa, shi ne Maiurno, laƙabin kuwa daga Wurno ya samo asali, ribaɗin Sarkin Musulmi Bello.

A nan ne tarihin yake da ɗaure kai. Mutanen da suka bar ƙasarsu don kada su zauna ƙarƙashin Nasara, sai ga su a Sudan, inda waɗannan Ingilishin suke mulki tun bayan yaƙin Omdurman na 1898. Sai dai buƙatar Nasara a can dabam take. Yaƙe-yaƙen zamanin Mahadi da yunwa sun rage jama'a ƙwarai, ga ƙasa mai kyau babu manoma. Gwamnati tana tsoron aƙidar Mahadiyya a cikin mutanen yamma, amma ta fi buƙatar hannuwansu. Saboda haka ta ba Bello ƙasa, ta yarda da shi a matsayin shugaban baƙi. Da aka gama madatsar ruwa ta Sannar a 1925, noman auduga ya buɗe a Jazira, buƙatar ma'aikata ta ƙaru, Hausawa da Fulani da Barebari suka yi ta kwararowa. Mahajjaci yakan tsaya ya yi noma shekara ɗaya ko biyu don neman guzuri. Da yawa ba su ƙara gaba ba, wasu kuma a kan hanyar dawowa daga Makka suka zauna.

A ganinmu, masu rubutu kan Burmi sun cika tsayawa a kan shahadar uban, suna barin aikin ɗan. Alhali abin da ya ɗore shi ne aikin yau da gobe: sauke baƙo, nuna masa fili, tura dangi da barori su kafa sababbin ƙauyuka, ƙulla aure tsakanin gidaje. Da haka gidan mai hijira ya zama gidan sarauta. Bello ya rasu a cikin shekarun 1940, ɗansa Muhammadu Ɗahiru ya gaje shi, da laƙabin Sultan. Littafin Mark Duffield na 1981 a kan Maiurno ya nuna yadda kuɗi da kasuwa suka raba jikokin masu hijira zuwa masu dukiya da ƴan ƙodago.

Sarar daji dai ba ta ba su cikakken matsayin ƴan ƙasa nan take ba. Dokar 1948, da ta 1957 bayan samun ƴancin kai, sun ɗora zama ɗan Sudan a kan zaman mutum ko kakanninsa a ƙasar tun ƙarshen 1897. Mutanen Bello sun iso bayan wannan lokaci da shekara tara. Ƴaƴan da aka haifa a Maiurno, waɗanda ba su taɓa ganin Sakkwato ba, sun daɗe suna neman takardar zama ɗan ƙasa kamar baƙi, ana kiransu da sunan da ake kiran duk wanda ya fito daga yamma: Fallata.