Haɗin Tara: Yadda Jita Ta Koma Ganga

A ƙa'idar kiɗan Turai, haɗin sautin da makaɗa ke rubutawa da harafi da lamba tara, kamar E9, ba wurin zama ba ne. Sauti biyar ne ake kaɗawa tare: tushe, da na uku, da na biyar, da na bakwai da aka ɗan sassauto, sai na tara a sama. Tsakanin na uku da na bakwai akwai wani tsami da ke sa kunne jiran a warware shi, don haka akan ratsa ta kansa ne a koma gida.

Baƙaƙen makaɗan bulus na Amurka sun ƙi wannan doka. T-Bone Walker, ɗan jihar Texas, ya mai da haɗin abin ado a waƙarsa "Call It Stormy Monday" ta 1947, yana zame shi sama da ƙasa a wuyan jitar lantarki kamar yadda masu busa ƙaho ke amsa wa mawaƙi. Siffarsa ta taimaka. Don kama E9, yatsan tsakiya na danne tsirkiya ta biyar a gaɓa ta bakwai, manuniya na kan ta huɗu a gaɓa ta shida, yatsan zobe kuma ya kwanta kan sirara ukun a gaɓa ta bakwai. Hannu ba ya sauya kamu, matsawa kawai yake yi.

Wanda ya juya al'amarin shi ne Jimmy Nolen, wanda ya tashi da koyi da Walker, ya shiga ƙungiyar James Brown a 1965. A "Papa's Got a Brand New Bag" ta wannan shekara, sauran kayan kiɗa sukan yi tsit a bar jitarsa ita kaɗai tana karkaɗa haɗin tara. Dabararsa a hannun hagu take: ya danna, ya sassauta nan take ba tare da ɗaga yatsu ba, hannun dama kuwa bai fasa bugu ba. Amon sai ya fito gajere, a bushe, har aka kwatanta shi da tonon kaza. Gwanintar a sassautawar take, kuma nan ne mafi yawan masu koyo ke tuntuɓe.

Zuwa 1970, bayan Nolen ya bar ƙungiyar na ɗan lokaci, Catfish Collins ya riƙe haɗin tara guda na tsawon mintuna a "Sex Machine", ba tare da an warware tsamin ba. Nolen ya dawo a 1972, ya zauna da Brown har rasuwarsa a 1983.